Jak Berjes, Lauyan Waɗanda Gari Ya Tsana

Wannan shi ne abin da muka tattauna a shirinmu na tarihi. Mun sa shi a takarda saboda waɗanda shirin ya wuce su suna daji da dabbobi ko suna kan hanyar kasuwa, da waɗanda suka roƙa a rubuta don su karanta wa 'yan'uwa.

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a bakin masu saurarenmu. Mutum ya yi kwana uku yana bin sawun shanunsa, a kama wanda ake zargi, a kai shi gaban alƙali, sai ga wani ya miƙe da baƙar riga yana cewa ba a tabbatar ba. Sai ka ji ana cewa, wai shi lauyan nan ba ya tsoron Allah ne? Yaya mutum zai nemi abincinsa da kare ɓarawo? To amma a cikin masu sauraren nan namu akwai kuma wanda aka taɓa kamawa a bakin iyaka don ya yi kama da wani, ya kwana gidan kaso a ƙasar da ba ya jin yarenta, aka miƙo masa takarda aka ce ya dangwala. Shi wannan tambayarsa daban ce: ina wanda zai tsaya mini?

Tambayoyin nan biyu sun haɗu a rayuwar mutum ɗaya, wani lauyan Faransa da ya shafe fiye da shekara hamsin yana tsaya wa waɗanda ake tuhuma da manyan laifuka. Sunansa Jak Berjes, a takardun Faransanci ana rubuta shi Jacques Vergès. Mutanenmu na Nijar da Kamaru da Cadi, da suka saba kiran lauya Metir, da yawansu sun ji sunan Metir Berjes a rediyo.

Ɗan ƙasa biyu

Bisa takardar haihuwarsa, an haife shi ranar 5 ga Maris 1925 a garin Ubon, cikin ƙasar Siyam wadda yau ake kira Tailan. Mahaifinsa likita ne, mutumin tsibirin Reniyon, yana riƙe da muƙamin ƙaramin jakadan Faransa a can. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce 'yar Biyetnam, ta rasu yana ƙaramin yaro. A Reniyon ya tashi, wani tsibiri ne a tekun Indiya gabas da Madagaska, a lokacin yana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Ka ga ke nan yaro ne mai sunan Bafaranshe da fuskar mutanen Asiya, ya girma a wurin da launin fata ke nuna wa mutum inda zai zauna. Wannan abu bai taɓa barin zuciyarsa ba, kuma duk wanda ya bi shari'o'insa zai ga alamarsa.

A 1942, yana ɗan shekara 17, ya shiga rundunar Janar Digol mai yaƙi da Hitila, wato rundunar nan da ƙasar Cadi ta riga sauran ƙasashen mallaka na Afirka mara wa baya tun 1940. Ya yi yaƙi a Turai. Da aka gama ya zauna a Paris, ya shiga jam'iyyar 'yan gurguzu a 1945, ya zama jagora cikin ɗaliban ƙasashen mallaka masu neman 'yanci. A nan ya san wasu ɗalibai 'yan Kambodiya waɗanda daga baya suka mulki ƙasarsu da zubar da jini. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Sai a 1955, yana ɗan shekara 30, ya yi rantsuwar zama lauya.

Shari'ar Jamila

Shekara guda kafin nan, ranar 1 ga Nuwamba 1954, yaƙin neman 'yancin Aljeriya ya ɓarke. Faransa ba ta ɗauki Aljeriya a matsayin ƙasar mallaka kamar Nijar ko Cadi ba, cewa take yi yankin Faransa ce. Don haka duk wanda ya ɗauki makami, a idon dokarta ɗan ta'adda ne mai laifin kisa, kuma hukuncinsa injin sare kai. Ba barazana ba ce kawai. A watan Yuni 1956 aka sare kan Ahmad Zabana a kurkukun birnin Aljiyas, wasu da dama suka biyo bayansa. Su ma 'yan gwagwarmaya sai suka fara dasa bama-bamai a wuraren shan shayi da shaƙatawar Turawa, inda fararen hula suka mutu, wasu suka rasa hannu ko ƙafa, har da yara. Dole a faɗi wannan, don kada a ɗauka labarin yana da fuska ɗaya.

A watan Afrilu 1957 sojoji suka kama wata budurwa mai suna Jamila Buhired, 'yar shekara ashirin da 'yan kai, da raunin harsashi a jikinta. Tana cikin masu kai saƙo tsakanin shugabannin gwagwarmaya a birnin, aka kuma tuhume ta da hannu a dasa bama-bamai. Ta bayyana cewa an gana mata azaba a hannun sojoji. Aka kawo ta kotun soja a watan Yuli, Berjes ne lauyanta, shekararsa biyu kacal da fara aiki.

A wancan lokacin aikin lauya a Aljeriya sayar da rai ne. Watanni kaɗan kafin shari'ar aka kashe lauya Ali Bumanjal a hannun sojoji aka ce shi ya faɗo daga bene, sai a 2021 shugaban Faransa ya amsa cewa azabtar da shi aka yi aka kashe shi. A 1959 kuma aka harbe wani lauyan, Amukran Uld Awdiya, a tsakiyar Paris. Shi Berjes, 'yan kallo a kotu ihu suke yi masa suna kiransa ɗan Sin saboda fuskarsa.

Da ya dubi alƙalan, ya ga hafsoshin rundunar da ke yaƙi da mutanen Jamila ne, sai ya gane cewa roƙon sassauci ɓata baki ne, an gama yanke hukunci tun kafin a zauna. Sai ya sauya salo. Maimakon ya ce yarinya ce, a tausaya mata, sai ya juya tuhumar kan kotun. Wa ya ba ku ikon yi mata shari'a? Ku kuna cewa Bafaranshiya ce mai laifi, ita tana cewa 'yar Aljeriya ce da aka mamaye ƙasarta. Kuna tuhumarta da bam, wa zai tuhumi waɗanda suka azabtar da ita? Kotu ba ta saurare shi ba, ta yanke wa Jamila hukuncin kisa.

A nan ne ainihin aikinsa ya fara. Ya fitar da maganar daga ɗakin shari'a ya kai ta kasuwar duniya. Shi da marubuci Joj Arno suka wallafa ɗan ƙaramin littafi a kan shari'ar a wannan shekarar. Jaridu suka ɗauka, wasiƙun roƙo suka yi ta kwarara fadar shugaban Faransa daga ƙasashe da yawa. A Masar, Yusuf Shahin ya yi fim da sunanta a 1958. Ya zamana idan aka sare kanta, Faransa ce za ta ji kunya a idon duniya. A watan Maris 1958 shugaba Rene Koti ya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai, a 1962 da yaƙi ya ƙare aka sake ta. Berjes ya sha yin alfahari cewa cikin 'yan Aljeriyar da ya tsaya wa ba wanda aka kashe. Bai fita lafiya lau ba shi ma, don a 1961 an dakatar da shi daga aiki na shekara guda.

Bayan 'yanci ya zauna a Aljeriya, ya musulunta, ana kiransa Mansur. A 1965 ya auri Jamila, suka haifi 'ya'ya biyu.

Durƙuso da raba gari

A 1968 ya rubuta littafi a kan dabarun shari'a, inda ya ce kariya iri biyu ce. Da Hausa za mu iya kiransu kariyar durƙuso da kariyar raba gari.

A kariyar durƙuso, wanda ake tuhuma ya yarda da kotu da dokarta. Abin da yake cewa shi ne ban aikata ba, ga shaiduna, ko kuwa na aikata amma ga dalili, a sassauta. Kamar makiyayin da dabbobinsa suka shiga gona ne, ya je gaban mai gari, ya yarda mai gari na da ikon yanke diyya, gardamarsa kawai a kan yawan ɓarnar ne ko kan cewa gonar ta cinye burtali. Kusan duk shari'ar da ake yi a duniya irin wannan ce.

A kariyar raba gari kuwa, mutum cewa yake yi ban san ku ba, dokarku ba tawa ba ce, ni ne ma nake tuhumarku. Mai yin haka ya san zai faɗi a ɗakin shari'a. Fatansa ya yi nasara a waje, a zukatan jama'a. Berjes ba shi ya ƙirƙiro wannan hanya ba, amma shi ya raɗa mata suna ya kuma yi fice da ita. Abin lura shi ne, ta yi aiki a kan Jamila saboda abu biyu: akwai al'umma guda a bayanta, kuma abin da ake faɗa game da azaba gaskiya ne. Ko za ta yi aiki inda babu waɗannan biyun? Sauran rayuwarsa ita ta ba da amsa.

A farkon 1970 sai mutumin nan ya ɓace. Ya bar mata da 'ya'ya, ya bar ofis, ba sallama. Sai a 1978 aka sake ganinsa a Paris. An yi ta hasashe, wasu su ce yana Kambodiya wajen tsofaffin abokansa, wasu su ce yana tare da Falasɗinawa. Har ya mutu bai faɗi inda ya shafe shekara takwas ɗin nan ba, in an tambaye shi sai ya yi murmushi ya busa sigarinsa. Wanda ya dawo kuwa, mutane da yawa sun ce ba shi ne wanda ya tafi ba.

Shari'ar Barbi

Kilaus Barbi Bajamushe ne, shi ne shugaban 'yan sandan ciki na Hitila a birnin Liyon lokacin da Jamus ta mamaye Faransa. Saboda azabar da ya gana wa mutane ake kiransa mahaucin Liyon. A hannunsa aka azabtar da Jan Mulan, jagoran 'yan gwagwarmayar Faransa, a 1943. Ranar 6 ga Afrilu 1944 aka kai samame wani gidan renon yara a ƙauyen Iziyo, aka kwashe yara Yahudawa 44 da manya 7 masu kula da su. Cikin yaran ba wanda ya dawo. Bayan yaƙi Barbi ya yi wa sojojin Amurka aikin leƙen asiri, sannan ya tsere Bolibiya ya sauya suna. Sai a 1983 aka dawo da shi Faransa.

Da aka ji wanda zai kare shi, mutane suka riƙe baki. Berjes, wanda ya ɗauki bindiga ya yaƙi Hitila yana ɗan shekara 17! Aka fara shari'a ranar 11 ga Mayu 1987, ita ce ta farko a Faransa a kan laifin cin zarafin bil'adama. A ɓangaren waɗanda aka zalunta lauyoyi kusan arba'in ne. A ɓangaren Barbi su uku ne, kuma da gangan Berjes ya zaɓo abokan aikinsa: Jan-Martan Mbemba daga Kwango Barazabil, da Nabil Bu'aita daga Aljeriya. Ɗan Asiya da baƙar fata da Balarabe, su ne ke kare mutumin da aƙidarsa ta ce su ba cikakkun mutane ba ne.

Kwana kaɗan da farawa Barbi ya ce ba zai ƙara zama a kotun ba, wai sato shi aka yi daga Bolibiya. Su kuma lauyoyinsa suka ɗauko raba gari. Suka tuno wa Faransa kisan da aka yi a Setif ta Aljeriya a watan Mayu 1945, da na Madagaska a 1947, da aikin dole na shimfiɗa layin dogo daga Barazabil zuwa bakin teku, inda dubban leburori suka mutu, da yawansu an kwaso su ne daga kudancin Cadi. Suka ce ƙasar da ta yi wa sojojinta afuwa kan abin da suka aikata a Aljeriya, da wane baki za ta hukunta wani?

Jama'a, mu nan ba ma bukatar a koya mana abin da mulkin mallaka ya yi. Mutanen Birnin Ƙonni da na Lugu ba su manta da ayarin Bule da Shanuwan na 1899 ba. Abin da Berjes ya faɗa kan wannan gaskiya ne, kuma an daɗe ba a faɗe shi a kotun Faransa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sai dai tsaya ka duba. A ɗakin akwai tsofaffi mata da maza da suka zo da sanda suna ba da labarin abin da mutumin nan ya yi musu da hannunsa. Yaran Iziyo ba su suka harbi kowa a Setif ba. Idan an kama wanda ya kore maka garke, ya ce ai alƙalin ma kakansa ya taɓa satar raƙumi, wannan ya dawo maka da shanunka? A shari'ar Jamila, raba gari ta buɗe gaskiyar da ake ɓoyewa game da ita Jamilar. A shari'ar Barbi, gaskiyar da aka buɗe ta wasu ce daban, aka ɗauko ta don a lulluɓe tasa.

Ranar 4 ga Yuli 1987 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, ya mutu a kurkuku a 1991. A daren hukuncin sai da 'yan sanda suka raka Berjes saboda fushin jama'a. Amma ga wani abu da ko masu zaginsa ba su musa ba. Da yake Barbi ya sami lauya mai kaifin baki wanda ya tuhumi kowace takarda, ya tsananta wa kowane mai shaida, ba wanda zai tashi gobe ya ce ƙage aka yi masa. Hukuncin da ya tsallake irin wannan jarrabawa ya fi zama daram.

Daga nan sunansa ya zama na lauyan da ba ya ƙyamar kowa. Ya tsaya wa Karlos, ɗan Benezuwela da aka kama a Khartum a 1994. Ya tsaya wa Kiyu Samfan, tsohon abokinsa na Paris kuma ɗaya daga cikin shugabannin gwamnatin da ta hallaka mutanen Kambodiya. A nahiyarmu, yana cikin lauyoyin tsohon shugaban Mali Musa Tarawore a shari'ar kisan masu zanga-zangar 1991, wadda ta ƙare da hukuncin kisa a 1993, daga baya aka yi masa afuwa. A 2001 shi ne lauyan shugabanni uku, Idris Debi na Cadi da Umar Bongo na Gabon da Sasu Ngeso na Kwango, da suka kai ƙarar wani marubuci a Paris saboda littafin da ya yi kan hulɗar Faransa da shugabannin Afirka. Kotu ta yi watsi da ƙarar. A ƙarshen 2010 ya je Abijan mara wa Loran Bagbo baya. Waɗanda suka so shi saboda Jamila suka riƙa tambaya: wanda ya fara da kare marasa ƙarfi, yaya aka yi ya koma zaman fadar masu mulki? An taɓa tambayarsa ko zai kare Hitila, ya ce ko shugaban Amurka Bush zai kare, in dai zai amsa laifinsa.

Mai lambun da aka rubuta sunansa da jini

Bari mu koma baya kaɗan, don akwai shari'ar da ta fi kusa da rayuwar masu saurarenmu. A watan Yuni 1991, a garin Mujan da ke kudancin Faransa, aka tsinci gawar wata attajira a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanta. A jikin ƙofa an rubuta da jininta cewa Umar ne ya kashe ni, da kuskuren rubutu irin wanda ake ganin mai ilimi kamarta ba za ta yi ba, ko da yake masu ƙara sun ce takan yi irinsa. Umar Raddad shi ne mai kula da lambunta, ɗan ci-rani daga Maroko, bai iya karatu ba, Faransancinsa kaɗan ne. Aka kama shi a Tulon, inda ya je wajen iyalinsa don Babbar Sallah.

Masu gabatar da ƙara suna da hujjarsu. An tokare ƙofar ɗakin daga ciki da gadon ƙarfe, suka ce wannan ya nuna matar ce da kanta ta kulle ta kuma yi rubutun kafin ranta ya fita. Suka ce Umar na caca, yana yawan neman a ba shi albashi kafin wata ya ƙare. Masu kare shi suka ce ba a sami jini a tufafinsa ba, ba a sami shatin yatsunsa a wurin ba. An ƙone gawar da wuri, ba damar sake dubawa. Kuma rahoton likitoci ya nuna ranar mutuwa 24 ga wata, ranar da Umar ke Tulon, daga baya aka ce kuskuren mai buga takarda ne, 23 ake nufi. Ku duba fa, rana ɗaya a takarda, amma rayuwar mutum ce ke rataye a kanta.

Berjes ne ya tsaya masa a kotun manyan laifuka ta birnin Nis. Ranar 2 ga Fabrairu 1994 alƙalai uku da mutanen gari tara da aka zaɓo su zauna da su suka yanke masa shekara 18. Da fitowarsa, Berjes ya faɗa wa 'yan jarida cewa shekara ɗari da suka wuce an ɗaure wani hafsa don shi Bayahude ne, yau an ɗaure mai lambu don shi ɗan Arewacin Afirka ne. Maganar ta zagaya duniya. Amma masu sukarsa suka ce a wannan shari'ar ba amo ake bukata ba. Umar bai ce bai yarda da kotun Faransa ba, cewa ya yi ban kashe ta ba. Mai faɗin haka, lauyan da zai kwana kan takardu yake so, ya bi maganar ƙofa da maganar rana ɗaya bayan ɗaya har shakka ta shiga zukatan masu yanke hukunci, ba wanda zai yi sa-in-sa da alƙali ba.

A wancan lokacin ba a ɗaukaka ƙara kan hukuncin irin wannan kotu a Faransa don a sake sauraren shari'ar, sai dokar shekarar 2000 ta kawo hakan. Abin da ya fitar da Umar shi ne sa bakin Sarki Hasan na Biyu na Maroko. A 1996 shugaba Shirak ya rage masa wa'adi, a watan Satumba 1998 aka sake shi bayan fiye da shekara bakwai a tsare. Gwajin ƙwayoyin halitta da aka yi daga baya ya nuna alamun wasu maza a wurin, ba nasa ba. Duk da haka kotu ta ƙi sake shari'ar a 2002, ta sake ƙi a 2022. A idon doka har yanzu mai laifi ne, shi kuma bai daina cewa bai aikata ba. Baƙo ko da ido makaho ne, Hausawa suka ce, balle wanda aka yi wa tambayoyi da harshen da bai mallaka ba.

Abin da ya rage mana

Jak Berjes ya rasu a Paris ranar 15 ga Agusta 2013, yana da shekara 88. Har yau ba a daidaita a kansa ba. A Aljeriya akwai masu ganinsa gwarzo. A Liyon akwai iyalan da ba za su yafe masa ba.

To, mu koma kan tambayoyinmu biyu na farko. Makiyayi ya san ba a ƙwace saniya a kasuwa don wani ya rantse tasa ce. Sai ya faɗi shaidar da ke jikinta, ya kawo wanda ya san ta a garkensa, a kira dillali a tambaye shi daga hannun wa ta fito. Wanda ke tilasta a bi waɗannan matakai, ko da kasuwa duka na ihun ɓarawo, aikin lauya mai kare wanda ake tuhuma yake yi. Idan wanda aka kama ɓarawon ne, shaida za ta kama shi, mai kaya ya tafi da kayansa ba tare da ƙorafi ba. Idan kuwa kamanni ne, to an tsirar da wani bawan Allah, kuma ainihin ɓarawon bai sami wanda zai ɗaukar masa kaya ba. Ranar da aka ce wane ya cika mugu, bai cancanci mai tsaya masa ba, ƙofa ce aka buɗe, kuma waɗanda suka fi saurin faɗawa cikinta su ne baƙo da talaka da wanda ƙabilarsa ta yi baƙin jini a wannan shekarar. Masu saurarenmu sun san su wa ake nufi.

Wannan haƙƙi a rubuce yake. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981, wadda Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi duk suka amince da ita, ta ce a sashe na 7 mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma yana da ikon samun lauyan da ya zaɓa. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 36, ya ƙara da cewa wanda ba ya jin harshen da ake shari'a da shi a ba shi tafinta kyauta. Najeriya na da hukumar ba da lauya ga marasa hali tun 1976, Nijar ma tana da irinta. Sanin haka ba ya buɗe ƙofar kaso nan take, amma wanda ya sani ba ya dangwala yatsa a takardar da ba a fassara masa ba.

Darasi na biyu kuwa daga kurakuran Berjes yake. Lauya mai suna ba lallai shi ne lauyan da ya dace da kai ba. In Allah ya jarrabe ka da shari'a, kai ko ɗanka ko yaron shagonka, ka lura da wanda za ka damƙa wa wuyanka. Ya zauna ya saurare ka har ka gama? Ya tambaye ka rana da wuri da waɗanda suka gan ka? Ya karɓi rasiɗin kwastan ko na duwan, da takardar sayen dabba, ya duba? Ko kuwa hankalinsa na wajen 'yan jarida? Jamila ta tsira saboda amon da lauyanta ya yi. Umar ya sami amon, amma ya yi shekara bakwai a ɗaure.

Nan muka kawo ƙarshen na wannan karo. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali a kan iyaka, ko wanda yake ganin mun yi wa Metir Berjes sassauci ko mun tsananta masa, ƙofarmu a buɗe take, a aiko mana za mu karanta a shiri na gaba, ba tare da ambaton suna ba in an so haka. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare dukiya, ya raba mu da sharrin ƙage. Sai mun sake saduwa.